Tambaya da Amsa: Gwajin Jinin Dunduniyar Jariri Kafin Ranar Suna

Yawancin wasiƙun da suka iso wannan fili daga unguwannin Hausawa na Legas a 'yan makonnin nan sun karkata ne ga gwajin da ake yi wa jarirai sababbin haihuwa domin gano cututtukan da ake haifar yaro da su, musamman waɗanda suka shafi yadda jiki ke sarrafa abinci. Mun zaɓi biyar daga ciki, mun taƙaita su, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ina da ciki wata takwas, kuma a asibitin kuɗi da nake zuwa awo an ce idan na haihu za a ɗebi jini a dunduniyar jaririn a aika gwaji, amma kuɗinsa daban. Uwar mijina ta ce ba ta yarda a huda jinjirin da ko suna ba a raɗa masa ba, ta ce ta haifi tara babu wanda aka yi wa haka, neman kuɗi ne kawai. Shin gwajin yana da amfani ga yaron da aka haifa lafiya lau?
Wata mai juna biyu, Agege

AMSA: 'Yar'uwa, Allah ya sauke ki lafiya. Jaririn da aka haifa lafiya lau, yana kuka da ƙarfi yana kama nono, shi ne ainihin wanda aka ƙirƙiro wannan gwaji dominsa, domin wanda ya zo duniya da alamar ciwo ba ya buƙatar a je neman ciwon da fitila. Dalili kuwa shi ne, muddin yaro yana ciki, jikin uwa ne yake tace masa jini ta hanyar mahaifa, yana kwashe abin da ya yi yawa, yana kuma cike wani ɓangare na abin da ya gaza. Sai an yanke cibiya, yaro ya fara tsotson nono, sannan hantarsa da sauran kayan cikinsa suke karɓar aikin. Jiki yana da sinadarai masu yawa da ake kira inzayim, kowanne da aikinsa na narkar da wani nau'in abinci ko juya shi zuwa wani abu. Idan aka haifi yaro ba shi da ɗaya daga cikinsu, abin da ya kamata a narkar sai ya riƙa taruwa a jini, tamkar kwatar da ta toshe a farkon damina: ruwan farko ba ya nuna komai, sai an jima ake ganin ya malalo cikin gida. Wurin da ɓarnar ta fi sauka ita ce ƙwaƙwalwa, kuma abin da ya lalace a cikinta ba ya dawowa.

Cutar da aka fara wannan aiki a kanta ita ce wadda ake taƙaita sunanta da PKU. Wani likita ɗan ƙasar Norway, Asbjørn Følling, shi ya fara bayyana ta a 1934, bayan ya binciki fitsarin wasu yara biyu 'yan ɗaki ɗaya masu raunin hankali. Mai wannan cuta ba ya iya sarrafa fenilalanin, wani sinadari da ke cikin nama da ƙwai da wake da madara, har da nonon uwa. A 1953 likitoci a birnin Birmingham na Ingila suka nuna cewa abinci na musamman da aka rage wa wannan sinadari yana taimakon yaron, sai dai an lura cewa idan aka jira har alamu suka bayyana an riga an makara. A nan ne Robert Guthrie, likita ɗan Amurka, ya fito da dabarar ɗiga jinin dunduniya a kan kati mai tsotse jini, a bar shi ya bushe, a aika shi ɗakin gwaji ko da ta gidan waya ne. Jihar Massachusetts ta Amurka ta wajabta yi wa jariranta gwajin a 1963. Daga shekarun 1990 aka samu na'urar da ke iya duba cututtuka da yawa daga ɗigo guda, har ya zama a Amurka yau ana duba sama da talatin.

Ki faɗa wa Hajiya cewa jinin da ake ɗiba ɗigo huɗu ne ko biyar, daga gefen dunduniya, kuma idan yaro yana kan nono lokacin da ake tsira masa allurar, kukan ba ya daɗewa. Bai kai jinin da wanzami kan fitar ba. Maganarta cewa ta haifi tara lafiya gaskiya ce, kuma haka yawancin iyaye za su faɗa, domin kowace ɗaya daga cikin waɗannan cututtuka ba ta da yawa. Amma wanda abin ya faɗa wa, ba ya amfana da lafiyar 'ya'yan maƙwabta.

Game da zargin neman kuɗi, ba zan kore shi gaba ɗaya ba. Najeriya ba ta da tsarin ƙasa da ke yi wa kowane jariri wannan gwaji kyauta, saboda haka asibitoci da ɗakunan gwaji masu zaman kansu ne suka fi yinsa, wasunsu ma ƙasashen waje suke aika katin, kuma jerin cututtukan da suke tallatawa an tsara shi ne bisa abin da ya fi damun Turawa. PKU, alal misali, tana samun kimanin jariri 1 cikin 10,000 zuwa 15,000 a Turai da Amurka, kuma ta fi haka ƙaranci a tsakanin baƙar fata. Idan aljihu bai kai ga babban jerin ba, a ganina abubuwa uku ne bai kamata iyali a Legas su bari ba: gwajin sikila, gwajin G6PD, da gwajin tayirod.

Biyun farko za su zo a amsoshi na gaba. Tayirod kuwa wata halitta ce a gaban wuya, wadda kumburinta ne muke kira maƙoƙo, kuma ruwan da take fitarwa shi ke tafiyar da girman jiki da na ƙwaƙwalwa. A duniya, kimanin jariri 1 cikin 2,000 zuwa 4,000 ake haifa ba ta aiki yadda ya kamata, galibi kuma ba gado ba ne, saboda haka babu iyalin da zai ce ya tsira. Abin takaici game da ita shi ne, jaririn da ke ɗauke da ita shi ne ake yabo a gida: ba ya rigima, barci yake ta yi, sai an tashe shi ya sha nono. Sai bayan watanni ake lura da taurin ciki, da shawarar da ta ƙi wucewa, da harshe mai kauri, da cibiya da ta turo, da faɗin maɗiga, kuma a lokacin ƙwaƙwalwa ta riga ta cutu. Maganinta kuwa ƙwaya ce ƙarama mai sauƙin kuɗi, tayiroksin, da ake niƙawa a ɗan nono a ba yaro kullum. Idan aka fara ta cikin makonni biyun farko, yaron yakan tashi da basira daidai da ta tsaransa.

Lokacin ɗibar jinin yana da muhimmanci. Kada a yi kafin yaro ya cika awa 24, domin a ranar farko ma'aunin tayirod yakan tashi ko ga yaro mai lafiya, kuma wasu cututtukan ba sa nunawa sai yaro ya sha nono. A Amurka ana ɗiba tsakanin awa 24 da 48, a Ingila kuma a rana ta biyar. Ke dai ki riƙe cewa a gama shi kafin ranar suna. Idan bakwaini ne, ko za a yi wa yaro ƙarin jini, a ɗiba kafin ƙarin jinin, sannan a maimaita daga baya yadda likita ya tsara.

TAMBAYA: Ni ɗan kasuwa ne, matata kuma 'yar ƙanen mahaifina ce. Muna da 'ya ɗaya mai shekara shida, lafiyarta ƙalau, amma mun rasa jarirai biyu a jere. Dukansu sun zo lafiya, sun sha nono kwana uku ko huɗu, sai su ƙi nono, su yi ta amai, jiki ya saki, su fara jijjiga, kafin mako biyu sun koma. Dangi suna cewa haihuwar wabi ce, wasu kuma suna ba ni shawarar in ƙara aure. Yanzu tana da wani cikin. Me za mu yi?
Wani magidanci, Mile 12

AMSA: Malam, Allah ya jiƙan yaran, ya sa masu ceto ne, ya ba ku haƙuri kai da maiɗakinka. Ba a gane cuta ta wasiƙa, kuma akwai abubuwa da dama da ke kashe jariri a makon farko da na biyu, kamar ƙwayoyin cuta a jini, da tetanus da ke shiga ta cibiyar da ba a kula da tsabtarta ba, da shawara mai tsanani. Duk da haka, yadda ka jera labarin, wato lafiya a kwanakin farko sannan rikicewa bayan an fara shan nono, ga maimaituwa sau biyu, ga kuma auren zumunci, ya isa ya sa kowane likitan yara ya yi tunanin cutar gado ta sarrafa abinci.

Akwai galaktosemiya, inda yaro ba ya iya sarrafa wani sukari da ke cikin madara, sai hanta ta kumbura, idanu su yi rawaya, yanar ido ta fito, ƙwayoyin cuta su samu hanyar shiga jini. Tana cikin 'yan wuraren da likita zai ce a dakatar da nonon uwa gaba ɗaya a koma madarar waken suya. Akwai wadda fitsarin yaro ke ƙamshin sukarin da ya ƙone. Akwai wadda jiki ba ya iya juya kitse ya zama ƙarfi, ta yadda yaro zai iya suma idan ya daɗe bai ci ba, musamman lokacin zazzaɓi ko gudawa. Akwai kuma ta wata halitta da ke saman ƙoda, wadda ke sa jariri ya riƙa zubar da gishirin jikinsa a mako na biyu. A jarirai mata akan gane ta da wuri saboda al'aurarsu kan zo da wata siffa daban, amma maza sukan wuce ba a lura ba.

Yawancin waɗannan cututtuka ba sa bayyana sai yaro ya gaji ƙwayar halitta mai matsala daga uwa, ya kuma gaji irinta daga uba. Iyayen kansu lafiyarsu lau, domin kowannensu yana da ɗaya mai kyau da ke rufe masa asiri. Idan haka ne a gidanka, kowane ciki yana da kaso ɗaya cikin huɗu na zuwa da cutar, uku cikin huɗu na kuɓuta, kuma kowane ciki lissafinsa daban, bai san abin da ya faru da na baya ba. Ina so ka lura da wannan sosai kafin ka saurari masu ɗora wa matarka laifi: rabin abin daga gare ka yake. Idan kuma wadda za a aura maka daga cikin dangin nan ne, tana iya ɗauke da ƙwayar iri ɗaya.

Ba ina cewa auren zumunci laifi ba ne. 'Ya'yan wa da ƙane suna tarayya a kimanin kashi ɗaya cikin takwas na ƙwayoyin gadonsu, shi ya sa damar haɗuwar matsala iri ɗaya take ƙaruwa. A tsakanin ma'auratan da ba dangi ba, jarirai 2 zuwa 3 cikin 100 ne ake haifa da wata babbar matsala, a tsakanin 'ya'yan wa da ƙane kuwa adadin yakan kusa ninkawa. Wato fiye da 90 cikin 100 lafiya suke zuwa. Amma gidan da abu ya riga ya faru sau biyu ya fita daga wannan lissafi na gama-gari.

Abin yi shi ne ku mayar da awo babban asibitin koyarwa tun yanzu, ko na Jami'ar Legas da ke Idi-Araba, ko na Jami'ar Jihar Legas da ke Ikeja, ku nemi ganin likitan jarirai kafin haihuwa, ku ba shi labarin yaran biyu filla-filla tare da duk takardun asibiti da kuka ajiye. Kada ta haihu a gida, kada kuma a sallame su washegari kamar yadda aka saba. A irin halinku babban jerin gwajin ya cancanci kuɗinsa, amma ina gargaɗinka da kada ka dogara da shi kaɗai, domin wasu daga cikin cututtukan nan sun fi sakamakon gwaji sauri, balle idan katin sai ya ƙetare teku ya dawo. Likitan da aka sanar tun da wuri zai sa ido kan sukari da gishiri da sauran ma'aunan jinin yaron daga ranar farko, ya kuma san matakin da zai ɗauka da zarar yaro ya fara ƙin nono.

TAMBAYA: Ni da mijina duka AS ne, wato kowannenmu yana ɗauke da ƙwayar gadon sikila. Na haihu wata ɗaya da ya wuce, amma a ɗakin gwaji na unguwarmu sun ce ba a gane rukunin jinin yaro sai ya kai wata shida. Haka ne?
Wata mai jego, Obalende

AMSA: Barka da arziki, Allah ya raya. Sun faɗi gaskiya game da na'urarsu, amma ba game da kowace na'ura ba. Jariri yana zuwa da jinin da ya yi amfani da shi a ciki, wanda yake rufe na manya a watannin farko, shi ya sa tsohuwar hanyar gwaji ba abin dogaro ba ce kafin wata shida. Na'urar da ake kira HPLC tana iya rarrabewa tun ranakun farko, akwai kuma 'yan kayan gwaji na nan-take da ke aiki da ɗigon jini. Ki tambaya a Cibiyar Sikila ta Ƙasa da ke Idi-Araba, daura da asibitin koyarwa, ko a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Ebute Metta, wadda tana cikin wurare shida da gwamnatin tarayya ta ware a shiyyoyin ƙasar nan domin aikin sikila.

Kada ki jira wata shidan. Ana ƙiyasta cewa jarirai kimanin 150,000 ake haifa da sikila a Najeriya kowace shekara, kuma abin da ke kashe su da ƙuruciya sau da yawa ba ciwon ƙashi ba ne, ƙwayoyin cuta ne da ke afka wa jini saboda saifarsu ta daina aiki tun da wuri. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 1986 ya nuna cewa ba wa irin waɗannan yara fenisilin kullum ya rage kamuwa da wannan cuta mai tsanani da kashi 84 cikin 100, kuma ana so a fara shi yaro yana wata biyu zuwa uku. Ga kuma kariya daga zazzaɓin cizon sauro, da cika allurar rigakafi, da koya wa uwa yadda za ta taɓa cikin yaro ta ji ko saifa ta kumbura. Duk wannan ba zai yiwu ba sai an san rukunin jinin.

TAMBAYA: Jikana ya yi shawara kwana uku da haihuwa har aka kwantar da shi a ƙarƙashin fitila. Malaman asibiti sun ce kafur ɗin da na zuba a akwatin kayansa ne ya jawo. Mu da muka tashi muna sa kafur a tufafi, yaya za a yi ya zama cuta?
Wata kaka, Idi-Araba

AMSA: Hajiya, Allah ya ƙara wa jikan naki lafiya. Ba kowane yaro kafur yake cutarwa haka ba, amma yana cutar da masu ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare jajayen ƙwayoyin jini daga fashewa. Ƙarancinsa gado ne da ɗa namiji yake samu ta wajen uwa, ya fi bayyana a maza, kuma bincike da dama a Najeriya ya nuna kusan namiji ɗaya cikin biyar yana da shi. Mai shi yakan yi rayuwarsa ba tare da ya sani ba, sai ya haɗu da abin da ke tayar da shi. Kafur yana shiga jikin jariri ta fata da ta numfashi daga tufafin da aka adana da shi, sai ƙwayoyin jini su farfashe, launin rawayan da ke fita daga cikinsu ya yi wa hanta yawa. Haka hoda da man shafawa masu mantoleta, haka lalle idan aka shafa wa jariri, da wasu magungunan asibiti, shi ya sa duk inda aka kai yaron nan gaba a faɗa wa likita.

Shawara mai sauƙi takan zo wa jarirai da yawa ta wuce da kanta. Wadda ake tsoro ita ce ta ranar farko, ko wadda ta sauko har tafin hannu da na ƙafa, ko ta zo da ƙin nono da kuka mai tsini da bankarewar baya, ko ta wuce mako biyu. Idan ta kai ƙwaƙwalwa tana barin kurumta da shanyewar gaɓoɓi. Shanya yaro a hantsi, da ruwan gulukos, da jiƙon ganyen gwanda, babu wanda yake maganinta, ɓata lokaci kawai suke yi. A duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana kowace safiya a makon farko, domin a fatarmu rawayan ba ya saurin fitowa. Kayan da suka riga suka sha kafur kuwa a wanke su sosai a shanya kafin a sa wa yaro, kuma a fitar da kafur daga ɗakin mai jego.

TAMBAYA: An yi wa 'yata gwajin, kwana shida bayan haka aka kira mu a waya wai mu dawo a sake ɗibar jini. Matata tana shirin tafiya Katsina wankan gida bayan suna. Shin an ga cuta ne, kuma za mu iya bari sai ta dawo bayan arba'in?
Wani direba, Ijora

AMSA: Malam, kiran ba ya nufin an tabbatar da cuta. Gwajin farko tankaɗe ne, an tsara shi ya kama duk wanda ake shakka a kansa domin kada mai cutar ya suɓuce, saboda haka yawancin waɗanda ake kira sukan fito lafiya a gwaji na biyu. Wani lokaci ma jinin ne bai cika da'irar katin ba, ko an ɗiba da wuri, ko katin bai bushe da kyau ba. Sai dai ba za a bari sai bayan arba'in ba. Idan tayirod ce, kowane mako da ya wuce ba a fara magani ba yana ci daga basirar yarinyar, idan kuma ɗaya daga cikin masu saurin nan ce, doguwar tafiya a mota da jaririya tana iya zama inda abin zai tashi, nesa da asibiti. Ku koma gobe, ku tambayi wace cuta ce ake shakka da ranar da sakamako zai fito, ku ɗage tafiyar har ku karɓe shi a rubuce. Idan likita ya sallame ku, maiɗakinka ta tafi da kwafin takardar a cikin katin rigakafin yarinyar, ku kuma bar wa asibitin lambar waya biyu, taka da tata, domin a same ku ko tana Katsina.